Me ya sa hotunan jaridun ƙarƙashin ƙasa na Amurka suka yi baƙi ƙirin?

Wani ɗalibi mai koyon aikin jarida ya aiko min da tambaya. Ya ce ya ci karo da tsofaffin shafukan jaridun da matasan Amurka masu bijire wa gwamnati da al'adun iyayensu suka riƙa bugawa a shekarun 1960, waɗanda ake kira jaridun ƙarƙashin ƙasa. Ya ga hotunan sun yi baƙi ƙirin, sun yi tsakuwa-tsakuwa, wasu a karkace, da yawa kuma babu sunan wanda ya ɗauka. Yana son sanin ko rashin iyawa ne ko da gangan aka yi, domin yana sha'awar kwaikwayon salon a aikinsa na kammala karatu.

Ɗan'uwa, ruwa ba ya tsami banza. Abin da kake gani a shafukan nan ya fito ne daga irin fim ɗin da suka yi amfani da shi, da injin da ya buga, da ƙarancin kuɗi, sannan da wurin da mai kyamarar ya tsaya lokacin da ya danna. Na ƙarshen nan shi ne ya fi muhimmanci a wurina, amma sai ka fahimci na farko kafin ka ga dalili.

Bari mu fara gyara sunan. Jaridun nan ba a ɓoye ake sayar da su ba. A bakin titi ake tallarsu, suna da ofis da adireshi. Mu da muka ga zamanin soja a Najeriya mun san ainihin aikin jarida na ɓoye: lokacin da aka haramta mujallar TheNews a 1993, ma'aikatanta suka fito da Tempo, ana sauya maɗaba'a da wurin taron editoci don gudun kamu. Na Amurka ba su kai nan ba, ko da yake su ma sun sha wuya. Art Kunkin ya kafa Los Angeles Free Press a 1964. A 1965 Max Scherr ya fito da Berkeley Barb, aka samu East Village Other a birnin New York, da Fifth Estate a Detroit, wadda wani yaro ɗan shekara 17, Harvey Ovshinsky, ya fara, da kuma The Paper a East Lansing. Waɗannan biyar su suka haɗu a 1966 suka kafa ƙungiyar Underground Press Syndicate, kuma kafin a shekara uku zuwa huɗu jaridun irin wannan sun kai ɗaruruwa. Yaƙin Biyetnam da tilasta wa samari shiga soja, da gwagwarmayar baƙar fata, da kiɗa, da ƙwaya, su ne abin da ya cika shafukansu.

Me ya sa a wannan lokacin, ba shekara ashirin kafin nan ba? Injin ofset ne. A tsohon tsari, sai an narka dalma an zuba haruffa layi-layi a injin Linotype, hoto kuwa sai an kai wa masu sassaƙa shi a kan farantin ƙarfe da sinadari, kowane hoto da kuɗinsa gwargwadon girmansa. Talaka ba ya jarida a haka. Da ofset ya yaɗu zuwa ƙananan maɗaba'u, sai aikin ya koma na almakashi da gam. Ka buga rubutunka a tafireta, ka yanka shi dogaye-dogaye, ka liƙa a kan farin kwali, ka liƙa zane, ka rubuta kanun labari da hannu idan ka ga dama, ka yi alama da shuɗin fensir wanda kyamarar maɗaba'a ba ta gani. Mai ɗab'i ya ɗauki hoton kwalin gaba ɗaya, ya mayar da shi kan farantin alminiyom, ya ɗaura a inji. Duk abin da ya kwanta a kan kwalin nan zai fito a jarida. Da 'yan ɗaruruwan daloli sai a buga dubban kwafi. Shi ya sa kake ganin hoto a karkace ko an yanke mutum an ɗora shi kan wani abu: babu dalmar da za ta tilasta musu layi madaidaici, kuma suna jin daɗin 'yancin.

Yanzu ga batun baƙin. Yawancinsu da Kodak Tri-X suke aiki, fim baƙi da fari mai ƙarfin kama haske 400, hoto 36 a nadi ɗaya, a cikin kyamara irin su Nikon F ko Pentax Spotmatic, sau da yawa ta hannu. Taronsu na dare ne, ko a cikin zaure mai ƙwai ɗaya, ko a titi cikin hayaƙin barkonon tsohuwa. Filashi kuwa kiran kulki ne, domin da ka haska, ɗan sanda ya san inda kake. Sai su saita kyamara kamar fim ɗin mai ƙarfin 1600 ne, wato su ba shi rubu'in hasken da yake buƙata, in an zo wanki a bar shi ya daɗe cikin ruwan magani don a rama. Na yi wannan da hannuna lokacin da nake koyon wankin hoto a wani shago, ina yaro. Maigidana ya ba ni nadin fim na wani bikin dare, ya ce in ƙara masa minti. Da na ɗaga nigatif ɗin zuwa ga fitila, fararen manyan riguna sun toshe sun yi kauri, abin da ke cikin inuwa kuwa fim ɗin fayau yake kamar gilashi, babu komai. Ƙarin lokacin wanki yana ƙara wa haske haske ne kawai. Abin da hasken bai taɓa ba tun farko, ba ruwan maganin da zai ƙirƙiro shi. Ƙwayoyin azurfar cikin fim ɗin su kuma suna dunƙulewa, shi ne tsakuwar da kake gani.

Wannan rabin wahalar ke nan. Injin ɗab'i ba ya iya buga ruwan toka. Tawada ce ko babu tawada. Don a samu fuska da inuwarta, sai an farfasa hoton zuwa ɗige-ɗige, manya a wurin duhu, ƙanana a wurin haske. In ka taɓa kai ido kusa da hoto a tsohuwar Gaskiya Ta Fi Kwabo, ka ga ɗigon nan. A takardar jarida mai araha ana amfani da layin ɗigo 65 zuwa 85 a kowane inci, alhali mujallu masu sheƙi suna kai 133 ko 150. Takardar kuma tana shan tawada kamar tsumma, kowane ɗigo ya kumbura ya haɗe da maƙwabcinsa, sai wurin da yake toka-toka mai duhu ya koma baƙi. Wannan ya fi cutar da baƙar fata, kuma duk mai hoton da ya yi aiki da jarida a ƙasar nan ya san zafin abin. Na taɓa kai hoton wani dattijo wata maɗaba'a, na ɓata dare ina fito da kowane layi na fuskarsa, da jarida ta fito sai rawani da fararen idanu kaɗai suka rage. Tun daga ranar na koyi buga hoton jarida da ɗan haske da laushi, in bar wa injin wurin da zai ƙara nasa duhun. Ƙwararrun cikinsu sun san wannan dabara. Sababbin hannu ba su sani ba, kuma sababbin hannu sun fi yawa.

Akwai kuma inda aka yi da gangan. Mai ɗab'i yakan caji kuɗi daban kan kowane hoton da zai farfasa. Hanyar kauce wa wannan ita ce a kwafe hoton a kan wani fim da ake kira Kodalith, wanda ba ya riƙe toka ko kaɗan, sai hoton ya koma kamar zanen tawada, a liƙa shi tare da rubutu ba ƙarin ko sisi. Talauci ne ya haifi wannan, amma da suka ga yadda fuska take fitowa da ƙarfi, ana hango ta daga tsallaken titi, sai ya zama abin ado. Emory Douglas, wanda ya tsara The Black Panther, jaridar ƙungiyar gwagwarmayar baƙar fata ta Black Panther, shekara da shekaru, ya fara koyon aikin ɗab'i ne a gidan gyaran halin yara, daga baya ya karanci zanen talla a kwalejin San Francisco. Ya san injin ciki da waje. Yakan yanko hoto, ya zagaye shi da layi mai kauri, ya ƙara launi ɗaya tak, domin ya san abin da takarda mai araha za ta iya ɗauka. A San Francisco Oracle, wadda ta fito sau 12 tsakanin 1966 da 1968, sukan raba kwamin tawadar injin su zuba launuka daban-daban gefe da gefe, launukan su narke cikin juna kamar bakan gizo a kan hoto da rubutu. Mujallar Oz ta Landan ta kai abin har wani lokacin ba ka iya karanta rubutun. A ganina nan sun wuce gona da iri, don shafin da ba ya karantuwa ya daina zama jarida.

Batun rashin suna kuwa, ƙa'idar ƙungiyar nan ta 1966 ita ce kowace jarida tana da damar kwafar abin da 'yar'uwarta ta buga kyauta. A 1967 Ray Mungo da Marshall Bloom suka kafa Liberation News Service (LNS), mai aika ƙunshin labarai da hotuna ta gidan waya sau biyu a mako ga ɗaruruwan jaridu, har zuwa 1981. David Fenton ya fara ɗaukar musu hoto tun yana matashi ƙasa da shekara 20. Edita a wani gari mai nisa yakan yanko hoto daga shafin da aka riga aka buga ya liƙa a kwalinsa. Hoton da aka farfasa sau ɗaya in aka sake farfasa shi, sai wani zane kamar saƙar tabarma ya hau kansa, duhun ya ƙaru. Kwafi na uku ko na huɗu ka ke kallo a wasu shafukan, sunan mai ɗauka kuma ya faɗi a hanya, ko ya rage haruffa uku, LNS. Wasu kuma ra'ayi ne, suna ganin sa suna son kai ne, aikin na jama'a ne. Wasu tsoro ne, kuma tsoron yana da tushe.

Hoto shaida ne a kotu, kuma shaida tana iya cin wanda ka so ka taimaka. A watan Afrilun 1971 'yan sanda suka shiga ofishin Stanford Daily, jaridar ɗalibai, da takardar izinin bincike, suna neman nigatif na wata arangama don su gane fuskokin masu zanga-zanga. Shari'ar ta kai Kotun Ƙoli, a 1978 ta bai wa 'yan sanda gaskiya, sai a 1980 majalisa ta yi dokar da ta taƙaita irin wannan kutse. Hukumar FBI kuwa, a ƙarƙashin shirinta na sirri na COINTELPRO, na leƙen asiri da tarwatsa ƙungiyoyin adawa, ta sa ido kan jaridun nan, har ta buga nata na bogi, irin su Armageddon News a Indiana da Longhorn Tales a Texas, don ta raba kan ɗalibai. Asirin shirin ya tonu ne bayan wasu sun fasa ofishinta na garin Media a Pennsylvania ranar 8 ga Maris 1971 suka kwashe takardu. Masu ɗab'i ma ba su tsira ba. William Schanen na Port Washington a Wisconsin, 'yan kasuwar garinsu sun janye masa tallace-tallace a 1969 saboda ya ƙi daina buga jaridar Kaleidoscope. An cinna wa ofishin The Great Speckled Bird na Atlanta wuta a 1972. A Landan, John Hopkins, mai ɗaukar hoto ne kafin ya haɗu da Barry Miles su kafa International Times a Oktoban 1966, shekara na zagayowa aka ɗaure shi kan tabar wiwi.

To, ga abin da nake so ka riƙe. Shahararrun hotunan zamanin nan, waɗanda duniya ta sani, yawancinsu ba daga jaridun ƙarƙashin ƙasa suka fito ba. Hoton harbin fursuna a titin Saigon a 1968 na Eddie Adams ne, ma'aikacin kamfanin dillancin labarai na AP. Hotunan kisan kiyashin ƙauyen My Lai a Biyetnam wani sojan Amurka ne, Ron Haeberle, ya ɗauka, kuma Plain Dealer ta Cleveland ce ta fara buga su ranar 20 ga Nuwamba 1969. Abin da 'yan ƙarƙashin ƙasa suke da shi wanda manyan jaridu ba su da shi shi ne wurin tsayawa. Mai hoton babbar jarida yana da katin shaida, yakan tsaya bayan layin 'yan sanda, don haka hotonsa yana nuna bayan ɗan sanda da fuskokin taron da ke tahowa. Mai hoton Barb yana cikin taron, hotonsa yana nuna kulkin da ke saukowa. Rana ɗaya, titi ɗaya, amma wanda ya kalli na farko zai ji tsoron jama'a, wanda ya kalli na biyu zai ji tsoron hukuma. Girgizar da ke cikin hoton ta mutumin da ake turewa ce.

Misalin da ya fi zama min a rai shi ne na 29 ga Agusta 1970 a gabashin Los Angeles. Amurkawa 'yan asalin Meziko sun fito da yawa suna adawa da yaƙi, aka tarwatsa su. Ruben Salazar, marubuci a Los Angeles Times kuma shugaban sashen labarai na tashar talabijin ta KMEX, ya shiga wata mashaya mai suna Silver Dollar ya zauna. Wani jami'in tsaron gunduma ya tsaya a ƙofa ya harba kwankon barkonon tsohuwa ciki, irin mai huda bango, ya sami Salazar a kai ya mutu. A tsallaken titin akwai Raul Ruiz na jaridar La Raza riƙe da kyamara. Hotonsa ya nuna jami'in a tsaye kan dakalin titi, bakin bindiga a ƙofar shagon, mutane a gefe. La Raza ta buga, Ruiz ya ba da shaida a zaman binciken mutuwar. Ba a gurfanar da jami'in ba, kuma wannan yana ci min rai har yau, amma ba wanda ya isa ya ce abin bai faru ba. Ruiz ɗan al'ummar ne, shi ya sa yake wurin. Da ɗan gari akan ci gari.

Kada kuma ka ɗauka hoto da kansa gaskiya ne. Muna cewa gani ya kori ji, amma dubi abin da ya faru a Chicago. Da asubahin 4 ga Disamba 1969 'yan sanda suka kashe Fred Hampton, ɗan shekara 21, shugaban Black Panther na jihar Illinois, tare da Mark Clark, a gidan da Hampton yake zaune. Bayan mako guda Chicago Tribune ta buga hotunan da ofishin mai gabatar da ƙara ya ba ta, an zagaye wasu ɗige-ɗige a jikin ƙofa an ce ramukan harsasan 'yan Panther ne. 'Yan ƙungiyar sun riga sun buɗe gidan, jama'a suna layi suna shiga suna gani da idonsu. Wakilan Chicago Sun-Times suka je suka duba, ashe kawunan ƙusoshi ne. Binciken gwamnatin tarayya daga baya ya nuna 'yan sanda sun yi harbi sama da 80, daga ɓangaren 'yan Panther kuwa ɗaya. Hoton bai canja ba, rubutun ƙarƙashinsa ne ya yi ƙarya. Shi ya sa mallakar shafin ya zama musu dole: kai ka ɗauka, kai ka zaɓa, kai ka rubuta bayanin.

Su ma sun san amfanin shirya hoto. Shahararren hoton Huey Newton, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Black Panther, na 1967, zaune kan kujerar kaba, mashi a hannu ɗaya, bindiga a ɗayan, tsara shi aka yi tsaf don ya zama fosta. Amma hotunan da na fi daraja a The Black Panther, wadda ta fara fitowa ranar 25 ga Afrilu 1967 da labarin kisan Denzil Dowell a Richmond, su ne na yara suna karin kumallo a shirin ciyarwa kyauta da aka fara a wata coci a Oakland a Janairun 1969. Mai ɗaukar hoto Stephen Shames ya yi shekaru yana bin ƙungiyar, ya ɗauki azuzuwa, da rabon kayan abinci, da mutane a ofis suna aiki. Talabijin bindigar take nunawa. Wanda aka yarda da shi har ya shiga kicin da ƙarfe shida na safe, shi kaɗai ke samun hoton mai soya ƙwai.

Ba zan ɓoye maka muninsu ba. Da yawa daga cikin jaridun nan sun rayu ne da tallan batsa da hotunan mata tsirara, suna kiran abin 'yanci, alhali matan ofishin su ke bugun tafireta da liƙa shafi har asuba, maza na sa suna. Ma'aikatan Berkeley Barb sun yi yajin aiki a 1969 kan kuɗi suka ɓalle suka kafa Berkeley Tribe. A Janairun 1970 matan jaridar Rat ta New York suka ƙwace ta daga hannun mazan, kuma na ga gaskiyarsu. Haka Los Angeles Free Press ta buga sunaye da adireshin gida na jami'an yaƙi da ƙwaya 80 a 1969. Shari'o'in da suka biyo baya sun karya Kunkin, kuma ni ban ga adalci a jefa iyalan mutane cikin haɗari ba, ko da kana da ƙorafi a kan aikinsu.

Game da aikinka, in tsakuwa da baƙi kawai kake so, manhajar waya za ta ba ka cikin daƙiƙa, amma malami mai ido zai gane fenti ne. In kana son ka fahimci abin, ka zaɓi mutanen da za su yarda ka daɗe a cikinsu, 'yan kasuwar da aka tasa daga wurinsu, ko masu sana'ar da kake wucewa kullum, ka yi makonni kana zuwa kafin ka ɗaga kyamara. Ka iyakance kanka da hoto 36 a rana kamar nadin fim. Ka buga a farar takarda, ka yanka, ka liƙa da rubutunka a kwali, ka kai wurin mai fotokwafi, sannan ka kwafi kwafin har sau uku ka ga abin da ke mutuwa a hoton da abin da ke tsira. Nan za ka gane dalilin da suka riƙa matsowa kusa da fuska suna cika hoton da ita, domin abu ƙanana ba sa rayuwa a takarda mai araha. Ka kuma tambayi kanka, kafin ka nuna fuskar kowa, wa zai iya amfani da hoton nan ya cutar da shi. Ka rubuta suna da rana da wuri a bayan kowane hoto, ka adana na asali a wuri biyu. Nigatif ɗin La Raza, kimanin 25,000, sun tsira ne don wasu sun riƙe su shekaru arba'in, har aka baje su a gidan tarihi na Autry a Los Angeles a 2017. In ka samu dama ka nemi hoton Silver Dollar ka ajiye shi gefe da shafin jaridar da aka buga shi, ka kwatanta biyun, ka aiko min da abin da ka gani.